Ruwan Rijiyar Mai a Gona: Sharhi kan Ban-ruwa da Ruwan da Aka Tace daga Haƙar Man Fetur

Tun lokacin farin da ya addabi jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka daga 2012 zuwa 2016, wata tambaya ta fita daga ofisoshin injiniyoyi da hukumomin ruwa ta shiga bakin jama'a, wato ko ya dace a shayar da gonakin abinci da ruwan da ke fitowa daga rijiyoyin man fetur bayan an tace shi. Masu jin maganar a karon farko sukan rabu gida biyu: wasu suna zaton ɗanyen mai baƙi ƙirin ake kwararawa a gindin shuka, wasu kuma, da zarar sun ji an ce an tace ruwan, sai su ɗauka ya zama daidai da ruwan rafi ko na rijiyar burtsatse. Zato biyun nan tushensu ɗaya, wato ɗaukar wannan ruwa a matsayin abu guda mai hali guda a ko'ina, alhali ruwan wata rijiyar kusan ba a jin zartsi a cikinsa, na wata kuma gishirinsa ya ninka na teku sau uku ko fiye, kuma tacewar da ake yi masa ita ma hawa-hawa ce, wata mai kawai take cirewa, wata tana cire har da gishiri.

Mene ne ruwan rijiyar mai

Man fetur ba tafki yake yi a ƙarƙashin ƙasa ba, yana kwance ne cikin ƙananan ƙofofin duwatsu masu shan ruwa, irin su dutsen yashi da dutsen farar ƙasa, kuma a cikin waɗannan ƙofofin akwai tsohon ruwa wanda ya shafe miliyoyin shekaru tare da shi, galibi ragowar tekunan da suka taɓa rufe wurin. Idan aka huda dutsen, mai da iskar gas da ruwa tare suke hawowa, sai a raba su a kusa da bakin rijiya. Wannan ruwan da aka ware shi ake nufi da ruwan rijiyar mai, kuma ya haɗa da duk wani ruwa ko tururi da kamfani ya tura ƙasa don ya ingiza man ya dawo tare da shi. Ya bambanta da ruwan dattin matatar mai, wanda ke fitowa daga sarrafa ɗanyen mai zuwa fetur da kananzir, ya kuma bambanta da ruwan kwatamin birane, wanda babban haɗarinsa ƙwayoyin cuta ne. Akwai kuma wani nau'i da ke dawowa daga rijiyoyin da aka fasa dutsensu da ƙarfin ruwa mai haɗe da yashi da sinadarai, wanda shi ne mafi wuyar sha'ani a cikinsu.

Yawansa ne ya mai da shi babbar magana. Kiyasin da aka fi ambata shi ne, a duniya baki ɗaya, kowace gangar mai mai cin lita 159 tana zuwa da ruwa kimanin ganga uku, kuma rijiya tana ƙara tsufa ruwan yana ƙara rinjayar man, har a kai ganga goma ta ruwa a kan ganga ɗaya ta mai. A Amurka kaɗai an ƙiyasta ganga biliyan 24.4 na wannan ruwa a shekarar 2017, kuma sama da kashi 90 cikin 100 an mayar da shi ƙarƙashin ƙasa ne, wani don ya taimaka wajen turo mai, wani don kawai a rabu da shi.

Abu na farko da ake aunawa a cikinsa shi ne narkakken gishiri, wato jimillar dukkan ma'adinan da suka narke a ruwan, wanda ake lissafawa da miligiram a kowace lita. Ruwan teku yana da kimanin 35,000. Jagoran da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 kan ingancin ruwan ban-ruwa ya nuna cewa ruwan da bai kai 450 ba babu wata damuwa a kansa, daga 450 zuwa 2,000 sai an yi takatsantsan, abin da ya haura 2,000 kuwa matsala ce mai tsanani ga yawancin amfanin gona. Ruwan yankin Permian, wanda ya ratsa yammacin Tekzas da kudu maso gabashin Niyu Meksiko, kuma shi ne yanki mafi samar da mai a Amurka, yakan haura 100,000. Bayan gishiri akwai ɗigon mai da ke yawo a ruwan, da wasu sassan man da suka narke ba a ganinsu, musamman benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Akwai ma'adinai irin su boron da bariyam da arsenik. Akwai radiyam, ma'adinin da ke fitar da haskoki masu ratsa jiki, wanda nau'insa mai lamba 226 sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya lalace. A ƙarshe akwai abin da kamfani ya zuba da hannunsa: maganin tsatsar bututu, da maganin kashe bakteriya, da sinadarin da ke hana ma'adinai daskarewa su toshe bututu, da wanda ke raba mai da ruwa.

Dalilin da ya sa maganar ta taso

Ana yawan gabatar da wannan al'amari a matsayin taimako ga manoma, kuma akwai gaskiya a ciki, domin noma ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗi da ɗan Adam ke ɗiba a duniya, sannan manyan filayen mai da dama a busassun yankuna suke, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ta ja da baya. Sai dai wanda ya bibiyi tarihin maganar zai ga cewa buƙatar kamfanonin mai ta riga ta manoma, saboda hanyar da suka saba bi, wato tura ruwan cikin rijiyoyi masu zurfi, ta fara kawo matsala. A jihar Okalahoma, inda girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 3 ko fiye ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara ba kafin 2009, an sami kusan 900 a 2015, sannan a watan Satumba na 2016 aka yi wata mai maki 5.8 a kusa da garin Pawnee, kuma masana ilimin ƙasa sun danganta wannan hauhawa da ɗimbin ruwan da ake dannawa cikin zurfin ƙasa, wanda ke ƙara matsi a kan tsofaffin tsagogin duwatsu har su zame. A Nuwamba 2022 yammacin Tekzas ya ga tasa mai maki 5.4, hukumomi suka taƙaita tura ruwa a wasu yankuna, kuɗin zubar da shi ya tashi.

Sanin wannan yana da amfani, domin shi ke nuna wanda ya fi matsuwa a cinikin. Kamfanin da ya sami mai karɓar ruwansa ya rage wa kansa kuɗin zubarwa, ya kuma sami damar ci gaba da haƙa, don haka bai kamata a ɗauki ruwan kamar kyauta ce da ake karɓa ido rufe ba. Shara ce ta masana'anta wadda ake neman mayarwa abin amfani, kuma nauyin tabbatar da cewa ta zama hakan yana wuyan wanda ya samar da ita.

Matakan tacewa

Matakin farko shi ne barin ruwan ya kwanta a manyan tankuna har man ya taso sama a kwashe shi, yashi ya zauna a ƙasa. Daga nan sai a busa ƙananan kumfar iska daga ƙasan ruwan, kumfar ta manne da ɗigon man da ya rage ta ɗago shi. Mataki na uku, wanda ake amfani da shi a filayen mai da yawa, shi ne ratsa ruwan ta cikin tankin da aka cika da niƙaƙƙen ɓawon walnat, wani ɗan itace mai taurin ɓawo: man yana manne wa ɓarzajjen ɓawon, ruwan ya wuce garau, idan ɓawon ya ƙoshi a juya ruwa ta baya a wanke shi a sake amfani da shi. Waɗannan matakai ukun mai da laka suke cirewa, ba sa taɓa gishiri ko boron, kuma ruwa yana iya fitowa daga cikinsu fes a ido alhali zartsinsa yana nan yadda yake.

Cire gishiri sai da wata hanya dabam. Wadda aka fi sani ita ce matsa ruwan da ƙarfi ta cikin wani siririn tantani mai barin ruwa ya wuce ya tare gishiri, irin wadda ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ke amfani da ita wajen mayar da ruwan teku na sha. Tana aiki a kan ruwan da gishirinsa bai wuce na teku da yawa ba, amma ga ruwa irin na Permian sai an koma ga dafawa a tara tururin, abin da ke cin makamashi da kuɗi mai yawa. Kowace aka bi, gishirin da aka cire ba ɓacewa yake yi ba: yana taruwa a wani ragowar ruwa mai kauri, ko ya zama tsibin gishiri mai haɗe da radiyam da ƙarafa, wanda shi ma sai an nemi inda za a kai shi. Wannan ragowa ita ce ɓangaren da masu tallata shirin suka fi saurin tsallakewa.

Abin da ya faru a gundumar Kern

Misalin da kowa ke kafa hujja da shi, masu goyon baya da masu adawa, shi ne na gundumar Kern a kudancin babban kwarin Kalifoniya, inda rijiyoyin mai da gonakin almon da fistashiyo da lemo da inabi suke maƙwabtaka. Filin mai na Kogin Kern, wanda aka gano a 1899, mansa mai kauri ne, sai an tura tururi ƙasa ya narkar da shi, kuma kowace ganga tana zuwa da ruwa kusan ganga tara zuwa goma. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake tace wannan ruwa ta matakai ukun da aka ambata, a tura shi ta bututu zuwa tafkin hukumar ruwa ta Cawelo, a gauraya shi da ruwan daɗi, sannan a raba wa gonaki. A 2015 kamfanin mai na Chevron yana ba da kimanin galan miliyan 21 a rana, wato kusan lita miliyan 80, ga yanki mai faɗin eka 45,000, a kan farashin da bai wuce dala 30 da 'yan kai ba ga kowace lita miliyan 1.2, a daidai lokacin da fari ya sa farashin irin wannan adadi na ruwan daɗi ya haura dala 1,000 a kasuwa. Ga manomin da ya shuka itatuwan da sai sun shekara da yawa kafin su fara 'ya'ya, kuma rani ɗaya ba ruwa ya isa ya kashe su, ruwan da ke zuwa kullum, damina da rani, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ake yawan mantawa shi ne cewa ruwan wannan fili na dabam ne tun daga asalinsa. Duwatsun da man yake ciki ba su da zurfi, kuma ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Sierra Nevada ya daɗe yana ratsa su yana wanke gishirinsu, shi ya sa narkakken gishirin ruwan bai kai 1,000 ba kafin ma a gauraya shi. Hukumar kula da ingancin ruwa ta yankin kuma ba ta yarda a kai ruwan rijiyoyin da aka fasa dutsensu gonakin abinci ba. Saboda haka, ɗaukar nasarar Kern a kafa hujja da ita a kan ruwan Permian, ko na wani fili da ba a auna ba, kuskure ne babba, ko da gaskiya ne cewa an shekara talatin ana yi.

Ko a Kern ɗin ma maganar ba ta mutu ba. A 2015 wata ƙungiyar kare muhalli mai suna Water Defense ta ce gwajinta ya gano ragowar mai da sinadarai irin su asiton a magudanar ruwan, hukumar Cawelo ta musanta ingancin hanyar da aka bi wajen gwajin, jaridu suka ɗauka, masu sayen 'ya'yan itace suka fara tambaya. A 2016 hukumar ingancin ruwa ta kafa kwamitin masana kan lafiyar abinci, aka gwada 'ya'yan itacen gonakin da ke shan wannan ruwa da na waɗanda ba sa sha, kuma a 2021 aka fitar da sakamako cewa ba a gano ƙarin haɗari ga lafiyar masu ci ba. Masu suka sun amsa da abu biyu: kamfanin da aka ba aikin gwajin ya taɓa yi wa masana'antar mai aiki, sannan rahoton da kansa ya amince cewa akwai sinadarai da dama da babu bayanin gubarsu ko hanyar gano su a cikin amfanin gona. A 2020 kuma masu bincike daga Jami'ar Duke da cibiyar RTI International suka wallafa nazarinsu mai zaman kansa, wanda ya nuna cewa gaurayayyen ruwan bai fi ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin muni ba ta fuskar ƙarafa da radiyam, amma ƙasar gonakin da suka daɗe suna shansa ta fi tara gishiri da sodiyam da boron. Wannan sakamakon na biyu shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ya karkatar da hankali daga 'ya'yan itacen da ke kasuwa zuwa ƙasar da ta haife su.

Gishiri da ƙasar noma

Shuka tana shan ruwa, rana tana ƙafar da saura, gishiri kuwa a gona yake zama. Lissafin mai sauƙi ne: idan aka ba hekta ɗaya ruwa mai zurfin mita ɗaya a shekara, wato lita miliyan 10, kuma kowace lita tana ɗauke da miligiram 1,000, to an zuba wa wannan hekta tan 10 na gishiri, idan ruwan na 7,000 ne, tan 70 ke nan. Inda damina ke da ƙarfi kuma ƙasa tana tsiyayar da ruwa, mafi yawansa yakan wanke ya gangara ƙasa da saiwa, ko da yake daga nan ruwan rijiyoyin sha yake nufa. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci, wato daidai wuraren da aka fi kwaɗayin wannan ruwa, taruwa yake yi shekara bayan shekara.

Gishiri yana hana saiwa jan ruwa, har a ga shuka tana yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sodiyam, wanda shi ne babban sinadarin gishirin miya da na kanwa, illarsa ta fi wannan ɓoyuwa, domin idan ya rinjayi kalsiyam da maganiziyam a ruwan ban-ruwa sai ya wargaza dunƙulen yumɓun ƙasa, ƙofofin da iska da ruwa ke bi su toshe. A irin wannan gona, idan aka sako ruwa sai ya tsaya a sama ya ƙi nutsewa, idan ya bushe fuskar ƙasa ta yi ɓawo mai tauri mai fari-fari, tsiron da ya fito daga iri ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa ya kasa hudowa. Manoman da suka san ƙasa mai kanwa a yankin Manga da gefen Tafkin Chadi sun san wannan hali sarai. Ana gyara ta da jifsam, wani farin ma'adini mai kalsiyam, tare da kwarara ruwan daɗi mai yawa don a wanke ta, amma gyaran yana cin shekaru da kuɗi, kuma yana buƙatar ruwan da tun farko rashinsa ne ya kawo maganar. Boron kuma shuka tana buƙatarsa kaɗan, sai dai tazarar da ke tsakanin isa da guba ƙanƙanuwa ce: lemun tsami yana fara cutuwa tun kafin a kai miligiram 1 a lita, bakin ganye ya yi rawaya ya ƙone, kuma boron yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar cirewa ko da ta hanyar tantani.

Amfanin gona sun bambanta wajen juriya. Sha'ir da auduga da dabino suna jure zartsi sosai, albasa da karas kuwa ba sa jurewa. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jihar Kolorado, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa alkamar da aka shayar da ruwan rijiyar mai da aka sirka ta fi saurin kamuwa da cututtukan shuka, kuma gishiri kaɗai bai isa ya bayyana raunin ba.

Hanyar da aka bi a Oman

A filin mai na Nimr da ke hamadar kudancin Oman an ɗauki wata hanya wadda ta fi nuna sanin iyakar abin da ruwan zai iya. Kamfanin man ƙasar, Petroleum Development Oman, tare da kamfanin Bauer na Jamus, sun gina fadama ta wucin gadi wadda ta fara aiki sosai a 2011, aka yi ta faɗaɗa ta har ta kai ga karɓar lita miliyan 175 a rana a 2019. Bayan an kwashe man da ya taso, ruwan yana gangarawa da kansa, ba tare da famfo ba, ta cikin jerin fangaloli masu faɗi da aka shuka da dogayen ciyayin fadama dangin kacala, inda ƙananan halittun da ke rayuwa a jikin saiwoyi da karare suke cinye ragowar man, har ya sauka ƙasa da rabin miligiram a lita. Wutar da ake kashewa ɗan ƙaramin kaso ce ta wadda tura ruwan cikin zurfin ƙasa ke ci, kuma wurin ya zama mafakar tsuntsaye sama da nau'i 100 a tsakiyar hamada.

Ciyayin ba sa cire gishiri, hasali ma ƙara masa ƙarfi suke yi saboda ruwan da suke sha da wanda rana ke ƙafarwa, don haka ruwan da ya shiga da kimanin 7,000 yana fita da fiye da haka. Shi ya sa gwajin noman da aka yi a kan kimanin hekta 22 ya tsaya a kan abin da ke jure zartsi kuma ba a ci: itacen turare, da itatuwan ƙaya dangin bagaruwa, da auduga, da zurma, sauran ruwan kuma ya tafi tafkunan da rana ke busarwa. An yi irin wannan fadama a filin Heglig na Sudan tun kafin ta Oman, inda aka shayar da itatuwa da ruwan da ya fito.

Saɓanin ra'ayi da batun alhaki

Masu goyon baya suna cewa fasahar tace ruwa ta kai matsayin da za ta iya mayar da kowane ruwa na sha, cewa binne biliyoyin gangunan ruwa a ƙasar da ke fama da ƙishi almubazzaranci ne, kuma shekarun Kern ba su nuna wata annoba ba. Masu adawa suna cewa rashin ganin cuta ba hujja ba ce idan ba a san abin da ake nema ba, kuma suna da abin dogaro: wani nazari da aka wallafa a 2020 ya tattara sunayen sinadarai 1,198 da aka taɓa samu a ruwan rijiyoyin mai, ya gano cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai ke da bayanin guba da ya isa a auna haɗarinsu, kuma waɗanda ake da tabbatacciyar hanyar gano su ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ƙari a kan haka, kamfanoni sukan riƙe sunayen wasu sinadaran da suke zubawa a matsayin sirrin kasuwanci, kuma ɗakin gwaji ba ya gano abin da ba a gaya masa ya nema ba.

Dokoki ma sun rabu. Tun 1979 dokar tarayyar Amurka ta ba da damar sakin wannan ruwa a busasshen yammacin ƙasar idan ya dace da shayar da dabbobi ko noma, amma iyakar da ta gindaya ƙarara ita ce ta mai da maiƙo, miligiram 35 a lita, wadda ba ta ce komai a kan benzin ko radiyam ba. Niyu Meksiko ta yi dokar ruwan rijiyar mai a 2019, ta kafa cibiyar bincike a kansa, amma a Mayu 2025 hukumarta ta ingancin ruwa ta hana sakin ko da wanda aka tace a koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa, bisa hujjar cewa ilimin bai kai ba tukuna. Tekzas kuwa, wadda ta kafa tata cibiyar a 2021, a shekarar 2025 ta yi dokar da ta rage alhakin da ke kan kamfanonin da suka sayar da ruwan da aka tace. Jihohi biyu ke nan da ke zaune a kan duwatsu ɗaya da ruwa iri ɗaya, kuma matakin Tekzas shi ne abin damuwa, domin lalacewar ƙasa tana bayyana ne bayan shekaru goma ko ashirin, lokacin da mai rijiyar ya iya sayar da ita ko ya rufe ta, kuma idan doka ta sauke masa nauyi tun yau, manomi ne zai wayi gari da gonar da ba ta shan ruwa. Akwai kuma haɗarin dogaro: ruwan yana zuwa ne muddin ana haƙar mai, ranar da farashi ya faɗi aka rufe rijiyoyi, itatuwan da aka dasa dominsa ba su da wata madogara.

Inda maganar ta shafi yankin Sahel

A Nijar ana haƙar mai a Agadem da ke jihar Diffa, ana tace wani a matatar Soraz kusa da Damagaram tun 2011, kuma tun 2024 ana tura wani ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, abin da ke nufin ƙarin rijiyoyi da ƙarin ruwa a ɗaya daga cikin yankuna mafi bushewa a ƙasar. A Nijeriya an ƙaddamar da aikin haƙa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamba 2022, a tsakiyar ƙasar noma da kiwo. A irin waɗannan wurare haɗarin farko ya riga maganar ban-ruwa, domin buɗaɗɗen tafkin ruwan rijiyar mai a lokacin rani yana jan raƙuma da awaki da shanu ko an shirya hakan ko ba a shirya ba, kuma yana iya tsiyaya ya kai ga rijiyoyin sha, kamar yadda ƙungiyar Sign of Hope ta ƙasar Jamus ta yi shekaru tana ba da rahoto game da ƙauyukan da ke kewaye da filin Thar Jath a Sudan ta Kudu.

Idan ranar ta zo da aka yi tayin kai wannan ruwa gona, abin da Kern da Nimr suka nuna shi ne a fara da auna ruwan kowane fili daki-daki, a tilasta wa kamfani bayyana duk sinadarin da ya zuba, a soma da itatuwan kare kwararowar hamada da amfanin da ba a ci, a kuma nisantar da shi daga kayan miya irin su albasa da tumatir da latas. Gwajin ya kasance a hannun wanda kamfani ba ya biyansa kai tsaye, kuma alhakin gyara ƙasa ya zauna a rubuce a wuyan mai rijiya. Akwai aikin da ba ya jiran wannan rana, wato ɗibar samfurin ƙasar gonaki da ruwan rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye tun yanzu, a auna gishiri da sodiyam da boron da ƙarafa, a ajiye sakamakon a jami'o'in yankin irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi da Jami'ar Diffa, domin duk wata ƙara da manomi ko makiyayi zai kai nan gaba, sai ya iya nuna yadda ƙasarsa da rijiyarsa suke kafin ruwan ya iso.